Selki, yanyawa, macijiya ko boto: wacce halitta ce za ta iya ɗaukar labarin soyayyarka?

Kwanakin baya wata ƙanwata a harkar rubutu ta turo mini babi huɗu na littafin da take kai, soyayya tsakanin 'yar Adam da wani wanda ba mutum ba. Ta haɗo da saƙo: "Yaya, na gaji da mashaya jini da masu rikiɗa su koma kyarkeci, kowa su yake rubutawa. Na sauya jarumin ya zama wata halitta da ba a saba gani ba, amma labarin ya ƙi tashi. Don Allah a duba mini." Ban kai ƙarshen babi na biyu ba na ga inda gizo ke saƙa. Ta cire masa dogayen haƙora, ta sa masa fukafukai, ta laƙaba masa wani suna mai wuyar faɗi da ta tsinto a intanet, amma halinsa da abin da yake tsoro da abin da ya hana shi zama da jarumar duk na mashayin jinin ne. Riga aka sauya, mai rigar yana nan.

Abin da na faɗa mata shi zan shimfiɗa a nan, domin na san ba ita kaɗai ke tsaye a wannan mararraba ba. Halittun almara da suka shekara ɗaruruwa a bakin mutane, kowacce tana tafe da sharaɗinta. Akwai abin da ba a kallo, ko abin da ba a faɗa, ko abin da ba a mayar wa mai shi, kuma daga nan rikicin labari yake tsirowa. Shi ya sa duk halittar da zan ɗauka sai na tambaye ta: me kike ɓoyewa, makullin yana hannun wa, kuma ranar da asiri ya tonu wa zai ji a jikinsa? Sai kuma wata matsala da ke wuyan marubuci shi kaɗai. Masu karanta irin wannan littafi suna jiran masoya su ƙare tare, alhali tsoffin tatsuniyoyin kusan duka da rabuwa suke rufewa. Wata halittar tana da gajeriyar hanya zuwa kyakkyawan ƙarshe, wata kuwa sai an yi gumi.

Bari in fara da selki, don ita ce ta fi saurin kama zuciyar marubuta. Asalinta tsibiran arewacin Sikotlan ne, Orkni da Shetlan, ana kuma samun 'yan'uwan labarin a Ailan da Aislan da tsibiran Faro. A cikin ruwa dabbar teku ce da ake kira sil, mai santsin jiki da gashin baki da manyan baƙaƙen idanu kamar na mai shirin kuka. Wanda ya san ayu ya kusa gane ta. Idan ta fito gaɓa sai ta tuɓe fatarta kamar riga ta zama mace, kuma ba ta da hanyar komawa ruwa sai da wannan fata.

A ƙauyen Mikladalur da ke tsibirin Kalsoi, cikin tsibiran Faro, ga yadda suke ba da shi. Wani saurayi ya laɓe a bayan dutse a daren da waɗannan dabbobi ke fitowa rawa sau ɗaya a shekara, ya sace fatar wata kyakkyawa. Gari ya waye kowa ya koma ruwa sai ita. Dole ta bi shi gida ta zama matarsa, ya kulle fatar a akwati, makullin kullum yana ɗaure a ƙugunsa. Suka haifi 'ya'ya. Wata rana yana tsakiyar teku wajen kamun kifi, ya shafa ƙugu ya ji wayam, sai ya ce wa abokan tafiyarsa yau zai rasa matarsa. Suka yi ta tuƙi iya ƙarfinsu. Da ya shiga gida ya tarar da yara zaune shiru, an kashe wutar murhu, an kwashe wuƙaƙe an ɓoye don kada su ji ciwo. Wannan wuri ne yake tsaya mini a rai duk lokacin da na tuna labarin: macen da ta shekara tana jiran wannan rana, ƙofa a buɗe, amma sai da ta tsaya ta kashe wuta. Tun 2014 akwai mutum-mutuminta a bakin tekun ƙauyen, tana riƙe da fatar.

Babban ƙarfin selki shi ne asirinta abu ne da ake riƙewa da hannu. Fata ana iya ɓoye ta, a sace ta, a yi barazanar ƙona ta, yaro ya yi tuntuɓe da ita yana wasa. Marubuci ba ya buƙatar dogon bayani kan dokokin sihiri. Mai karatu ya ga akwati, ya ga makulli, ya gane komai. Rauninta kuwa babba ne, kuma ban ga amfanin ɓoye shi ba: auren ya fara da sata. Mijin nan mai tsaron fursuna ne, ko da yana sonta. Idan ka kwafi tsarin yadda yake ka ce mana soyayya ce, masu karatu mata za su rufe littafin, kuma suna da gaskiya. Dole a juya shi. Ko wani daban ne ya riƙe fatar, jarumi ya nemo ta, ko kuma fatar ta faɗa hannun jarumi ba da nufinsa ba, ya gane mene ce, ya shiga kokawa da zuciyarsa. Ranar da ya miƙa mata ita yana sane da cewa mai yiwuwa ba zai ƙara ganinta ba, ranar ce soyayyar ta fara. Wani takunkumin shi ne wuri: selki ba ta rayuwa nesa da teku, ba za ka kai ta tsakiyar hamada ko bene na ashirin ba. Kuma ba ta da wani ƙarfin faɗa, don haka wanda yake son yaƙi da tsafi a kowane babi ya nemi wata.

Da yanyawa lamarin ya juye gaba ɗaya, domin makullin yana hannunta. Babu wanda ya kamo ta. Ita ta ga mutum, ta rikiɗa, ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. Sai dai a kula, ƙasashe uku ne ke da ita kuma halinta ya bambanta a kowacce. A ƙasar Sin sunanta huli jing. Marubuci Pu Songling, wanda ya rasu a 1715, ya tara labarai kusan 500 na abubuwan al'ajabi da aka buga a 1766, kuma da yawansu na yanyawa ne da ke zuwa cikin dare wajen matalaucin ɗalibi mai shirin jarrabawar aikin fada. Wasu suna tsotse masa lafiya, wasu kuwa sun fi matan gari amana, suna jinyarsa, suna riƙe masa gida. A Koriya sunanta gumiho, mai wutsiya tara, wadda aka fi saninta da cin hantar maza da kuma matsanancin burin zama mutum. A Japan kitsune ce, kuma ta rabu biyu: akwai farare masu hidimar abin bautar da ake kira Inari, waɗanda har yau gumakansu ke ƙofar wuraren ibadarsa, akwai kuma na daji masu wasa da hankalin mutane.

Japan ɗin ce ta ba mu ƙarshen da na fi so. A cikin wani tarin labarai na farkon ƙarni na 9 da wani malamin addinin Budda mai suna Kyokai ya rubuta, wani mutumin lardin Mino ya haɗu da kyakkyawa a fili ya aure ta. Ta haifa masa ɗa, karyarsu ma ta haihu a daidai lokacin. Kwikwiyon nan kullum sai ya yi ta yi mata haushi. Ranar da ya kai mata cizo, tsoro ya sa ta koma siffarta ta haye shinge. Mijin ya dube ta ya ce tunda akwai ɗa tsakaninsu ba zai manta da ita ba, ta riƙa zuwa tana kwana. Haka kuwa aka yi, ta zo da dare, ta tafi da safe. Ka ga miji ya ga gaskiya ƙiri-ƙiri bai gudu ba, an kuma samo wani zama da ba cikakke ba amma na gaskiya. Shekara fiye da dubu ke nan, kuma marubucin yau zai iya ɗora gini a kai ba tare da ya sauya ginshiƙi ba. Akwai kuma Kuzunoha, farar yanyawar da aka ce ita ta haifi masanin taurarin nan Abe no Seimei, wanda mutum ne na tarihi da ya rasu a 1005. Ɗanta ne ya hango wutsiyarta, ta rubuta waƙar bankwana a jikin ƙofar takarda cewa mai kewarta ya neme ta a dajin Shinoda, ta tafi. A ɗaya gefen ga muguwar yanyawa Tamamo-no-Mae, wadda ta shiga fadar Sarki Toba ta kusa halaka shi, aka ce ruhinta ya shige wani dutse a Nasu. Dutsen ya tsage biyu a watan Maris na 2022, intanet ta ɗauka.

Yanyawa ta fi selki sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba. Tana shiga birni, ofis, makaranta, fada. Tana da wayo da barkwanci, tana iya zama namiji, kuma alamomin da ke tona ta suna ba da fage masu daɗi: kare ya ƙi ta, inuwarta ko hotonta a ruwa ya nuna dabba, wutsiya ta leƙo idan ta shagala. Amma tana da illa biyu. Ta farko, ta daina zama baƙuwa, domin finafinan Koriya da zane-zanen Japan sun yi ta yawo da ita, wanda ke gudun abin da aka saba gani zai iya tarar da kasuwar ta cika. Ta biyu ta fi nauyi. Halittar da ke iya sa ka ga fada a inda kango yake, ta yaya mai karatu zai yarda cewa son da jarumi ke mata nasa ne, ba sa masa aka yi ba? Idan ba ka gindaya wa sihirinta iyaka tun babin farko ba, duk wata kalmar ƙauna a littafin za ta zama abin zargi. Kuma ka zaɓi ƙasa ɗaya ka tsaya a kanta. Wanda ya ba kitsune mai hidimar Inari yunwar hanta irin ta gumiho, masu sani za su gane bai yi bincike ba.

Yanzu ga wadda nake ganin ta fi kowa ɗaukar cikakken littafi, wato macijiya. Labarai biyu ne manya, ɗaya daga gabas ɗaya daga yamma, kuma ajiye su kusa da juna yana koyar da abubuwa da yawa.

Na ƙasar Sin shi ne na Bai Suzhen, farar macijiyar da ta shekara ɗaruruwa tana horon kanta har ta iya zama mace. A bakin Tafkin Yamma da ke Hangzhou ruwan sama ya tsuge, wani saurayi mai suna Xu Xian ya ara mata laima, daga nan aka kai ga aure, suka buɗe shagon magani. Sai wani malamin Budda, Fahai, ya gaya wa mijin abin da yake aure. A ranar biki ta biyar ga wata na biyar, mijin ya ba ta giyar da ake haɗawa da wani jan ma'adini mai korar macizai. Ta san abin da zai faru, ta sha don kada ta ɓata masa. Ya ɗaga labule ya ga ƙatuwar macijiya a gadonsa, ya faɗi matacce. Ita kuma ta tafi dutsen da ake tsaron ganyen rai, ta yi faɗa ta samo, ta dawo da shi duniya. Daga baya, tana da ciki, ta tayar da ambaliya a kan wurin ibadar Jinshan don ƙwato mijinta daga hannun Fahai, ruwan ya ci waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, aka danne ta a ƙarƙashin hasumiyar Leifeng. Abin sha'awa, a rubutun marubuci Feng Menglong na 1624 ita ce abar tsoro, malamin kuma mai ceto. Sannu a hankali masu wasan kwaikwayo da masu kallo suka koma bayanta, har malamin ya zama mai raba auren da ba ruwansa da shi. Hasumiyar ta gaske ce; ta rushe a 1924, aka sake gina ta a 2002.

Na Faransa shi ne na Melusin, wanda Jean d'Arras ya rubuta wajen 1393. Mahaifiyarta ta yi mata baki cewa kowace Asabar za ta zama macijiya daga ƙugu zuwa ƙasa, amma idan ta sami mijin da zai yi alkawarin ba zai gan ta ranar Asabar ba, ya kuma cika, za ta rayu ta mutu kamar kowace mace. Wani saurayi mai suna Raimondin ya yi alkawari. Ta gina masa ganuwar Lusinyan, ta arzuta shi, ta haifa masa 'ya'ya maza goma. Sai ɗan'uwansa ya zuga shi cewa mutane na cewa wani take gani ranar Asabar. Ya huda ƙofa da takobi ya leƙa, ya gan ta a cikin wanka, wutsiya tana dukan ruwa. Ga inda mutane da yawa ke kuskuren labarin: leƙen bai raba su ba. Ya yi nadama, ya yi shiru, ita ma ta sani ta yi kamar ba ta sani ba, zama ya ci gaba. Sai ranar da ɗansu Jofruwa ya ƙona wani gidan ibada da ɗan'uwansa a ciki, baƙin ciki ya rufe uban, ya kira ta macijiya a gaban jama'a. A nan ne ta fita ta taga ta tashi sama, ta kewaye ganuwar tana kuka. An ce ta riƙa dawowa cikin dare tana shayar da ƙananan.

Dubi bambancin. Bai Suzhen mijinta ya kasa ɗaukar abin da ya gani, kuma akwai maƙiyi daga waje mai ganin kansa a kan gaskiya. Melusin mijinta ya ɗauki abin da ya gani, abin da ya kasa shi ne riƙe harshe ranar fushi. Na farko labarin tsoro ne da jarumta, na biyu labarin rufin asiri tsakanin ma'aurata. Duk wanda ya taɓa gaya wa masoyi wani rauninsa, aka zo aka jefe shi da shi a tsakiyar faɗa, ya san ciwon Melusin ba sai an fassara masa ba. Shi ya sa nake fifita macijiya: tana da ƙarfi, ita ke gini, ita ke ceto, tana kuma yin laifi na gaske da dole ta biya, kamar ambaliyar nan. Ba ta zaune tana jiran makulli kamar selki, ba a kuma zargin ta da juya hankali kamar yanyawa. Hanyar kyakkyawan ƙarshe ma a buɗe take, tunda a wasu ruwayoyin ɗan Bai Suzhen ya girma ya zo na ɗaya a jarrabawar fada, aka fito da uwarsa. Matsalarta ɗaya ce, amma ba ƙarama ba: mutane suna ƙyamar maciji har cikin ɓargo. Sai marubuci ya sa an so ta sosai kafin a ɗaga labulen. Namijin labarin kuma, musamman Xu Xian, rago ne mai jin zuga, dole ka ƙara masa ƙashin baya, in ba haka ba mai karatu zai yi ta tambayar me ta gani a jikinsa.

Za ka lura duk waɗanda na lissafa mata ne, alhali yawancin littattafan wannan fanni macen ce 'yar Adam, namijin ne baƙon halitta. A nan boto ya shigo. A kogin Amazon na Birazil akwai dabbar dolfin mai launin ruwan hoda, ta gaske ce ana ganinta. Mutanen bakin kogin suna cewa a dararen bukukuwan watan Yuni yakan fito ya zama kyakkyawan saurayi cikin fararen kaya, gwanin rawa da zance, da hula a kansa da ba ya cirewa, domin ƙofar numfashinsa tana nan a tsakar kai. Ya ja yarinya zuwa bakin ruwa, kafin asuba ya koma. Yaron da ba a san ubansa ba sai a ce ɗan boto ne. Hular nan kyauta ce ga marubuci, don abu ne ƙarami da kowa ke gani, kuma hannu ɗaya ya isa ya tona shi. Ka ƙaddara jaruma ta kai hannu za ta cire, ya riƙe wuyan hannunta a hankali, kiɗa na tashi, babu wanda ya lura sai su biyu. Amma boto ya fi kowa wuyar kaiwa ga aure, domin ɗabi'arsa ita ce tafiya. Kuma a can inda labarin yake, an yi amfani da shi wajen lulluɓe cikin da aka yi wa 'yan mata, har da wanda aka yi da ƙarfi. Wanda zai ɗauke shi ya san yana taka wuri mai ciwo. Ina ganin ya fi dacewa da labarin da ya fara bayan ɓarna: ya dawo bayan shekaru ya tarar da ɗa da uwar da ta sha gorin gari, sai ya nemi gafara da aiki, ba da rawa ba.

Akwai wasu da zan wuce da sauri. Dokin ruwan Sikotlan, kelfi, yawanci makashi ne mai nutsar da mahayinsa, amma a tsibirin Bara akwai ruwayar da yarinya ta zare masa sarƙar azurfa yana barci cikin siffar mutum, ya koma doki ya yi wa mahaifinta noma shekara guda, da aka mayar masa aka ba shi zaɓi ya zaɓi zama mutum ya aure ta. Ƙarshe mai daɗi a shirye, sai dai halinsa ba shi da zurfi, kai za ka haƙa. Huldra ta dazukan Norwe da Suwidin kyakkyawa ce ta gaba, ta baya kuwa wutsiya ce, wasu suka ce bayanta rami ne kamar ruɓaɓɓen itace. Tana saka wa mai ladabi. Akwai yaron da ya hango wutsiyar, maimakon ya yi ihu sai ya ce mata cikin girmamawa rigarta ta ciki ta leƙo, ta sa masa albarka a sana'arsa. An kuma ce idan miji ya wulaƙanta ta, takan miƙar da takalmin ƙarfe na doki da hannu a gabansa don ya san da wa yake zaune. Ta dace da labari mai sauƙi da raha. Yuki-onna, matar ƙanƙara ta Japan da Lafcadio Hearn ya rubuta a 1904, sharaɗinta shiru ne, kuma da mijin ya yi magana ta narke ta zama hazo. Gajeren labari ce, ban ga yadda za ta cika shafi ɗari uku ba.

To, wacce za ka ɗauka? Ka duba ciwon da ke zuciyar ɗan Adam ɗin da ke labarinka, shi zai nuna maka. Idan labarin na mallaka ne da sakin abin da ake so, selki. Idan na yarda ne, na mutumin da aka taɓa yaudara, kuma kana son wayo da motsi da birni, yanyawa. Idan aure kake son rubutawa, da dangi masu zuga, da mai wa'azin da ya shiga tsakani, da kalmar da ba ta komawa baki, macijiya ce, kuma ita zan ba wanda ke shirin dogon littafi ko jerin littattafai. Boto na bar wa wanda hannunsa ya faɗa. Abu ɗaya da zan roƙa: wasu daga cikin halittun nan suna jingine da addinin da mutane ke bi har yau, kamar fararen yanyawar Inari ko naga, macizan nan masu tsarki na Indiya. A karanta abin da masu su suka faɗa kafin a sa su a gadon soyayya.

Ita ƙanwar tawa, jarumarta bazawara ce da mijinta na farko ya riƙe ta kamar kaya, ya hana ta fita, ya hana ta sana'a. Da na ga haka ban ba ta macijiyar da nake so ba. Na ce mata: "Ƙanwata, ki ɗauki selki namiji." A Orkni ana cewa mazan selki suna zuwa wajen matan da ke cikin kaɗaici, kuma mace na iya kiran ɗaya idan ta zubar da hawaye bakwai a teku lokacin da ruwa ya cika. Na ce ta sa fatar ta faɗa hannun matar. Wadda aka taɓa kullewa, yau ga makullin wani a hannunta, tana sonsa, ta kuma san idan ta ba shi zai iya tafiya, ta fi kowa sanin abin da riƙewar take nufi. Ta yi shiru a waya na ɗan lokaci, sannan ta ce za ta rushe babi huɗun duka.

Bayan mako uku ta turo sababbi biyar. Na biyar ɗin ya ƙare matar tana zaune a bakin gado, akwati a gabanta, warin gishirin teku ya cika ɗakin, shi kuma yana waje yana gyara mata ƙyauren da iska ta karya, yana 'yar waƙarsa, bai san an ga fatar ba. Na ce ta turo na shida.